Mijina ɗan sanda ne, ƙanina kuma an karya masa hannu a zanga-zanga

Assalamu alaikum Anti. Ina cikin tsaka mai wuya. Maigidana ɗan sanda ne, sajan, muna da yara uku. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 ƙanina da muke uwa ɗaya uba ɗaya ya fita tare da abokansa. Tela ne. Ya rantse ko tsinke bai ɗauka ba, kwali kawai ya riƙe. Wasu jami'an tsaro suka rutsa da su a wani lungu, suka doke shi da kulki har hannunsa na dama ya karye, suka tsare shi kwanaki, sai da muka haɗa kuɗi kafin a sake shi. Har yau hannun bai koma daidai ba, almakashi ma da ƙyar yake riƙewa. Maigidana ba ya wurin, wata unguwa daban aka tura shi, shi ma da rotsi a goshi ya dawo. Da labarin ya same shi, a gaban yayata ya ce, "Wa ya aike shi? Duk wanda ya fita shi ya jawo wa kansa." Maganar ta isa gida. Tun daga lokacin Innarmu ba ta sake tako gidana ba, ƙanina kuma ba ya amsa gaisuwarsa. Yanzu an ba ƙanina shawarar ya kai ƙara, maigidana ya ce in ya kai, to da shi yake shari'a. Ɗana na fari, ɗan shekara tara, ya tambaye ni ko Babansa ma yana dukan mutane. Anti, wa ke da gaskiya? In hana ƙanina? Me zan ce wa yaron nan?

Daga wata 'yar'uwarki.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da wannan jarrabawa. Allah ya ba ƙaninki lafiya, ya tsare maigidanki a bakin aikinsa.

Kin tambayi wa ke da gaskiya, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. In dai abin ya faru yadda kika faɗa, an zalunci ƙaninki, kuma maganar da maigidanki ya furta ba ta dace ba. Sai dai ba shi ya karya hannun ba, ƙaurace masa saboda kakin da yake sawa shi ma rashin adalci ne, ko da bai kai na farko nauyi ba. Ki duba da kyau, da ranar da labari ya zo ya yi salati, ya zura takalmi ya nufi inda ake tsare da yaron, da yau shi Innarku take sa wa albarka, alhali kakin nan dai yana jikinsa. Kalmar da ya faɗa ce ta raba gidajen nan biyu, kuma daga kanta za a fara gyara.

"Wa ya aike shi?" Ba maigidanki kaɗai ke faɗin haka ba, na sha jin ta a bakin mutanen kirki, har da malamai da iyaye. Amsar ba ɓoyayya ba ce, yunwa ce ta aike shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na rantsuwa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin Yuli ya ƙare ta wuce 600. Aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas. Zuwa Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100, ta abinci kuma ta haura kashi 40. Tela yana cikin waɗanda suke fara ji a jika, domin magidancin da bai iya cika tukunya ba, ba zai kai sabon yadi ɗinki ba. Ke kanki kin san nawa kwanon shinkafa ya koma a daminar 2024, kuma kasuwar da ƙaninki yake cefane ita matar sajan take zuwa. Kukan da ya fita yi, har da na gidanki a ciki.

Fitar kuma ba laifi ba ce a dokar ƙasa. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin yin taro cikin lumana. Har batun neman izini ma an gama shari'arsa, kuma daga Kano maganar ta taso. A watan Satumban 2003 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP da barkonon tsohuwa, suka ce ba a nemi izininsu ba. Muhammadu Buhari yana wurin, haka ma Sanata Chuba Okadigbo, wanda ya rasu kwanaki kaɗan bayan taron. Jam'iyyun adawa suka garzaya kotu, a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ba ya buƙatar lasisin 'yan sanda kafin ya yi gangami. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Buharin ya sa wa hannu yana shugaban ƙasa, ta ƙara da cewa in an sanar da su za a yi gangami, aikinsu shi ne su ba shi tsaro. Wannan ita ce dokar da maigidanki yake aiki a ƙarƙashinta.

Na san abin da zai ce, kuma yana da hujjarsa: ai ba lumana aka yi ba. Gaskiya ne. Ranar 1 ga Agusta ɓata-gari sun wawushe sabuwar cibiyar fasaha ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa a Kano tun kafin a buɗe ta, an fasa shagunan talakawa, an ga yara da gorori da duwatsu, daga baya wasu suka fito da tutar Rasha. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24, jihohi irin su Jigawa da Yobe da Katsina da Kaduna su ma suka sa tasu. Rotsin goshin maigidanki ba daga sama ya faɗo ba, wani ne ya ɗauki dutse ya auna kan mutum. Ba na cikin masu cewa ɗan sanda ya harɗe hannu yana kallo ana ƙona dukiyar mutane. Doka ta ba shi damar amfani da ƙarfi, kuma akwai ranar da in bai yi ba, jama'a ce za ta kwana a ciki.

Amma damar tana da sharaɗi biyu, kuma a nan nake so ki tsaya ki fahimta sosai, domin duk rikicin gidanku a kansu yake. Na farko, sai da larura: sai an yi gargaɗi, an bar wa mutane hanyar gudu, an gwada abin da ya fi sauƙi ya gaza. Na biyu, daidai gwargwado: ƙarfin da za a yi amfani da shi kada ya wuce girman haɗarin da ake fuskanta. Haka ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan amfani da ƙarfi da bindiga suka tanada, kuma a kan su rundunar 'yan sandan Najeriya ta yi wa umarninta mai lamba 237 kwaskwarima a 2019, inda ta taƙaita harbi ga lokacin da rai yake cikin haɗari na nan take. Ma'anar wannan a aikace ita ce, da zarar larurar ta kau, damar ma ta kau. Mutumin da aka rutsa a lungu, ya ɗaga hannu ko ya durƙusa, ya daina zama barazana. Duk kulkin da ya sauka a jikinsa bayan nan ba kwantar da tarzoma ba ne, hukunci ne, hukunci kuwa aikin alƙali ne. Ko da a ce ƙaninki ƙarya ya yi, da buhun shinkafar wani a kansa aka kama shi, abin da doka ta ce shi ne a sa masa ankwa a kai shi kotu. Babu inda aka rubuta a karya masa hannu. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke hannunsa, kuma ta ce "oga ne ya sa ni" ba uzuri ba ne.

Tsarewar ma akwai magana. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Kuɗin da kuka haɗa kuwa, a bangon caji ofis da yawa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa beli kyauta ne.

Kuma ba ƙaninki kaɗai ba ne. Ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a Nuwamban 2024 tana cewa an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Borno da Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa da Neja a kwanakin zanga-zangar, an kuma tsare fiye da 1,200. Rundunar 'yan sanda ta musanta, ta nemi ƙungiyar ta janye rahoton. Amma akwai abin da kowa ya gani da idonsa: ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, da yawansu ƙananan yara ne 'yan Arewa, bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, haƙarƙarinsu a waje, aka sa musu belin naira miliyan 10 kowanne. Ƙasa ta ɗauki zafi, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, aka miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna. In gwamnati da kanta ta ja da baya a kan yaran nan, ba a ce sajan ɗaya ya ɗauki nauyin kare duk abin da aka yi a wancan wata ba. Ba shi aka ɗora wa ba, kada ya ɗora wa kansa.

Yanzu ga saƙona ga ƙaninki, ki isar masa yadda na faɗa. Fushinsa halal ne, amma ya kai shi inda ya dace. Alƙur'ani ya faɗa a wuri fiye da ɗaya cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma a Suratul Ma'ida an gargaɗe mu kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu kauce wa adalci. Mijin yayarsa bai taɓa shi ba. Mutumin da yake ƙin amsa wa sallama yana fita da asuba bai san ko zai dawo ba. Ranar 20 ga Janairun 2012 da Boko Haram ta afka wa Kano aka rasa rayuka aƙalla 185, ofisoshin 'yan sanda aka fara nufa. Bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, wadda aka yi don adawa da cin zalin 'yan sanda, rundunar ta ce an kashe mata jami'ai 22, an kai hari kan ofisoshi 205, kuma da suka janye daga titunan Legas na wasu kwanaki, talaka ne ya fara kuka. 'Yan sandan ƙasar nan ba su kai dubu 400 ba, a kan mutum fiye da miliyan 200, su ne a shingen dajin da 'yan bindiga ke tare hanya, su ne ake kira in 'yan daba sun shigo unguwa ko an yi ƙwacen waya. Ranar da aka fasa shagon ɗinkinsa, Allah ya kiyaye, caji ofis zai nufa. Ɗan sanda ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba a yarda ya yi yajin aiki ba. A watan Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda da suka yi ritaya sun fito titin Abuja da kwalaye suna kuka a kan fanshonsu. Wannan ya kamata ya sa ƙaninki ya sassauta, ya kuma sa maigidanki ya yi tunani, domin titin da yake ganin laifi ne a hau, watarana shi ma zai iya buƙatarsa.

Girmama hukuma wajibi ne, ina faɗa da gaske. A tsaya in an ce a tsaya, kada a zagi jami'i, kada a ɗaga masa hannu, kada a yi kokawa da shi ko da kama ta zalunci ce, a bari a yi maganar a gaban alƙali. Amma wanda ya kai kukansa kotu bai raina hukuma ba. Wanda ya raina ta shi ne wanda ya ɗauki dutse, ko ya tara abokai su rama a kan wani ɗan sandan da bai ji ba bai gani ba. Ƙaninki yana neman ya bi ta ƙofar da doka ta buɗe, kuma ɗan sandan kirki ya kamata ya fi kowa son a bi ta wannan ƙofa, domin in an rufe ta, abin da ya rage shi ne jifa, goshinsa kuma shaida ne.

Saboda haka amsar tambayarki ta biyu: kada ki hana shi. Haƙƙinsa ne, ba naki ba, ba na maigidanki ba. In ya yafe don kansa, Allah ya ba shi lada. In an tilasta masa yin shiru don a rufa wa aurenki asiri, zai yi shirun, amma ke zai riƙe a zuciya har tsufa. Kada kuma ki zuga shi. Ki ce masa, "Abin da ka ga ya fi maka, ka yi, ni dai yayarka ce ko ka kai ko ba ka kai ba."

In ya yanke shawarar kaiwa, ga abin da ya kamata ya sani. Zai iya rubuta koke ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, tana da ofisoshi a jihohi kuma ba a biyan kuɗi. Akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda ita ke da ikon ladabtar da jami'ai har da kora. Akwai sashen karɓar ƙorafin jama'a da rundunar ta kafa a 2015. Sannan akwai kotu, inda lauya zai shigar da ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam a babbar kotun jiha ko ta tarayya, kuma ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun ce daɗewar lokaci ba ta kashe ta, don haka bai makara ba. In babu kuɗin lauya, ya nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku. Shari'a da hujja take tafiya: katin asibiti, hoton ƙashi, rana da wurin da abin ya faru, inda aka tsare shi, sunayen waɗanda aka kama su tare da za su yarda su ba da shaida, bidiyo in akwai, a bar shi yadda aka ɗauke shi. In wurin mai ɗori kawai aka kai shi, ya je a ɗauki hoton hannun yanzu, tsohuwar karaya tana nunawa. Ya guji hawa Facebook yana kiran sunan wani jami'i da zargin da ba zai iya tabbatarwa ba, sai reshe ya juye da mujiya. Kuma ya shiga da ido buɗe: irin wannan shari'a tana jan ƙafa, kuma ko an yi nasara, karɓo kuɗin diyya daga hukuma wata wahalar ce. Amma ana samu. Kwamitin binciken da Jihar Legas ta kafa bayan EndSARS ƙarƙashin tsohuwar mai shari'a Doris Okuwobi ya ba da diyyar sama da naira miliyan 400 ga waɗanda aka zalunta.

Maganar maigidanki cewa da shi ake shari'a, ki saurare ta da kunnen basira, domin tsoro ne ya sa rigar fushi. Yana gudun a ce surukin wane ne ya kai mu ƙara, a fara yi masa kallon bare a wurin aiki, ko a wurga shi wani ƙauye mai nisa. Tsoron ba na banza ba ne. Maganinsa shi ne a cire shi daga maganar gaba ɗaya. Ƙarar hukuma ake kaiwa da jami'an da suka yi dukan, sunansa ba zai fito a takarda ba. Kada ƙaninki ya nemi ya binciko masa sunayen waɗanda suka yi aiki a unguwar ranar, kada ya ambace shi a koke, kada ya yi tutiya da shi. Shi kuma kada ya je roƙon kowa, kada ya tsoratar da kowa. Ki faɗa wa kowannensu wannan sharaɗi a fili.

To ta ina za ki fara? Daga ɗakinki. Ki nemi daren da ya dawo da wuri, ya ci abinci, yara sun yi barci. Kada ki buɗe da maganar ƙaninki. Ki tambaye shi ranar da aka rotse shi, yaya aka yi, su nawa ne a wurin, tun yaushe suke tsaye, ya ci wani abu kuwa? Ina kyautata zaton tun da abin ya faru babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa wannan tambaya, kowa ta hannun tela yake yi, goshin sajan kuwa an ɗauka ai aikinsa ne. Mutumin da ya yini a rana ana jifansa ana kiransa azzalumi, ya shigo gida da jini a fuska aka tare shi da labarin wani mai zanga-zanga, ba abin mamaki ba ne bakinsa ya suɓuce. Wannan bai wanke maganar ba, amma ya nuna daga inda ta fito. Ki bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa ba tare da kin katse shi ba. In ya gama, ko a daren ko washegari, sai ki ce, "Baban yara, da ɗanmu ne aka kama a lungu ya ɗaga hannu aka ci gaba da dukansa, me za ka ce?" Shi ma'aikaci ne, ya fi ni da ke sanin bambancin tarwatsa taro da dukan wanda ya riga ya shiga hannu. Ba lacca yake buƙata ba, yana buƙatar ya ji cewa amsa gaskiya a kan wannan ba cin amanar kakinsa ba ne.

In ya sauko, zumunci a ƙafa yake. Ya je da kansa, cikin kayan gida, ba da kaki ba, tare da dattijo ɗaya da Innarku take jin nauyinsa, waliyyin aurenku ko wani kawunku. Wurin Inna zai fara, ya durƙusa ya gaishe ta yadda suruki yake yi. Ba a nemi ya ba da haƙuri a madadin runduna ba, ba shi da wannan hurumin. Jimla biyu ce tasa: abin da aka yi wa yaron nan ba daidai ba ne, maganar da na faɗa kuma na yi kuskure, a yafe ni. Kada ya haɗa da "amma". Da ya ce "amma su ma sun yi jifa", ya rushe abin da ya gina. Maganar jifan tana da ranarta, kuma za ta fi shiga kunnen ƙaninki bayan an amsa masa tasa.

Sannan a dubi hannun, domin shi ne abincinsa. Karayar da ta haɗe a karkace ko yatsun da suka sandare aikin likitan ƙashi ne da masu gashin ƙashi, kuma jinkiri yana ƙara wahalar gyara. In kuna kusa da Kano akwai asibitin ƙashi na Dala, in ba haka ba manyan asibitocin koyarwa suna da sashen. In maigidanki ya sa hannu a kuɗin, ko kaɗan ne, ko ya ɗauke shi a babur ya kai shi ranar ganin likita, zai yi tasirin da dogon bayani ba zai yi ba. Sai dai a kula, kada taimakon ya zama farashin janye ƙara. In aka haɗa su, ƙaninki zai ji ana son a saye shi ne.

Wani abu kuma a gefe: ki daina zama mai kai-kawo. Yayarki ta ɗauki magana ta kai gida, ta yiwu zafin zuciya ne, kada ki tsaya tuhumarta yanzu. Amma ke kada ki ƙara. Abin da aka faɗa a gidanku game da maigidanki ya tsaya can, abin da ya faɗa a ɗaki ya tsaya nan.

Ɗanki kuma, kada ki yi masa ƙarya, kada ki ce masa ya rufe baki. Yaron da ya kai shekara tara ya riga ya ji maganar a makaranta da islamiyya, ya ga hannun kawunsa, yana auna ku ne ya ga ko za ku faɗa masa gaskiya. Ki ce masa wasu jami'ai sun doki kawu, kuma abin da suka yi laifi ne ko a dokar 'yan sanda. Ki ce masa Babansa ba ya wurin, aikinsa kare mutane ne, shi ma an ji masa ciwo ranar. Abin da ba ki sani ba game da aikin Babansa kada ki rantse a kai, ki ce ya tambaye shi. Ki sanar da maigidanki tun da wuri cewa tambayar tana tafe, domin ya shirya. Ina ganin wannan tambaya daga bakin ɗansa za ta iya taɓa shi fiye da duk abin da ni da ke za mu faɗa. Kuma ku ci gaba da kai yaran gidan Inna, su gaida kawunsu, kada rigimar manya ta zama gadonsu.

In kuwa kin yi duk wannan ya kafe, ya ce ba inda za shi, kada ki mayar da abin rigimar kullum, kuma kada ki ɗauki yaji a kansa. Ki ba shi lokaci, ki nemi wanda yake jin maganarsa, amininsa, ko wani tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya wanda yake girmamawa, ko limamin masallacin barikinsu, ki yi musu bayani su same shi. Irin wannan maganar takan fi shiga in ta fito daga wanda ya taɓa sa kakin. Kafin nan ki ci gaba da zuwa gida da saninsa, ki yi wa Innarki hidimar da kika saba, ki taimaki ƙaninki da abin da yake naki. In ya nemi hana ki zuwa wurin mahaifiyarki saboda wannan, to magana ta wuce ta ɗaki, sai ki sanar da waliyyinki a zauna da manya. Allah ya daidaita tsakaninku.